Kwalabe biyu, duka an rubuta Cedar: wanne ake shaƙa, wanne ake shafawa?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu sanin harkar man ƙamshi, don Allah a taimaka. Kwalabe biyu ne a hannuna, kowacce mil 10. Ta farko an rubuta Cedarwood, a ƙasa da ƙananan baƙaƙe Cedrus atlantica. Man launin zuma ne, yana da ɗan kauri, ƙamshin katako mai zaƙi. Ta biyu an rubuta Cedar Leaf, a ƙasa Thuja occidentalis; shi tsararo ne kamar ruwa, ƙamshinsa da kaifi, wajen kafur da ɗanyen ganye. Mai shagon ya ce duk abu ɗaya ne, kamfani ne kawai ya bambanta.

Abu uku nake son yi da su: in sa a difuza (na'urar da ke watsa ƙamshi a ɗaki) da dare, in haɗa a man kitso saboda gashin gaban goshi yana zubewa, in kuma gwada a humra. A gidan akwai yaro ɗan wata 14, akwai ƙanwata mai juna biyu wata biyar, akwai kyanwa. Ɗigo nawa ake sawa, kuma akwai wanda bai kamata ya kusance shi ba?

Malam Mai Turare:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Mai shagon nan bai faɗa miki daidai ba, kuma kuskuren ba ƙarami ba ne. Kafin ki ci gaba da karatu, ɗauke ta biyun, mai Thuja, ki sa ta inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Sunan Cedar a kasuwar turare rumfa ce da bishiyoyi da yawa suke fakewa a ƙarƙashinta, don haka ƙananan baƙaƙen Latin ɗin nan su ne abin dubawa. Cedrus atlantica ita ce al'ul ta gaske, 'yar'uwar wadda ke jikin tutar Lebanon. Tana fitowa a duwatsun Atlas na Maroko da Aljeriya, mafi yawa a wajejen Azrou da Ifrane, can sama inda ƙanƙara ke sauka. Bishiya ce mai ganye kamar allura wadda ba ta kaɗe ganye rani da damina. Daga katakon ake tatsar man, ba daga ganye ba: garin zarto da kututture da ragowar da masu yankan katako suka bari, a tura musu tururi, man ya taso tare da shi, a sanyaya, ya taru a saman ruwa. Buhun gari mai kilo 100 yakan ba da wajen kilo 3 zuwa 5. Tun 2013 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa bishiyar cikin waɗanda ke fuskantar barazanar ƙarewa, saboda fari da kiwo da sara, shi ya sa wasu kamfanoni suka koma Cedrus deodara ta tsaunukan Himalaya. Su biyun kusan ƙamshi ɗaya ne, kuma aiki ɗaya suke yi.

Akwai kuma Juniperus virginiana daga gabashin Amurka, da Juniperus ashei daga Texas, da wata daga Sin. Su ma Cedarwood ake rubuta musu alhali dangin wata bishiya ce daban. Za ki gane na Virginia da ƙamshin fensir da aka fiƙe yanzu. Shi ne mai sinadarin cedrol da yawa, har idan sanyi ya yi tsanani za ki ga wasu fararen ƙwayoyi kamar gishiri sun kwanta a gindin kwalbar. Ba lalacewa ya yi ba. Ki tsoma kwalbar a ruwan ɗumi su narke. Duk waɗannan na katako ne, kuma suna cikin mayukan ƙamshi masu sauƙin hali a fata.

Thuja occidentalis kuwa daga ganye da ƙananan rassa ake tatsarta, a Kanada da arewa maso gabashin Amurka. Rabin man ko fiye sinadari ne da ake kira thujone, wanda ke taɓa ƙwaƙwalwa. Ba na shafawa a gida ba ne. Masu haɗa turare na masana'anta suna sa ɗan mitsitsi don ɗaga ƙamshi, da ma'auni a hannu.

Wani abu game da ta Atlas ɗin: idan kin buɗe kin ji wani ɗan wari-wari a farko, wasu ma suna cewa kamar fitsarin kyanwa, kada ki zubar. Haka halinsa yake. Ki ɗiga a takarda ki dawo bayan minti 20, za ki tarar zaƙin katakon ne ya rage.

Mai Harhaɗa Magani:

Na goyi bayan Malam a kan Thuja, bari in ƙara dalili. Ƙwaƙwalwa tana da sinadarin da ke kwantar da jijiyoyi idan sun yi zafi, ana kiransa GABA. Thujone yana toshe wurin da wannan sinadari ke kamawa, sai jijiyoyi su yi ta harbawa babu mai tsayar da su. Abin da ake gani a ido shi ne amai, ruɗewa, sannan jijjiga irin ta farfaɗiya. Babba ma ɗan kaɗan ya isa ya kayar da shi idan ya sha, balle yaro mai kilo 10. An hana mai ciki, mai shayarwa da mai farfaɗiya amfani da shi. Ko ga lafiyayyen babba, iyakar da masana suka sa a fata ba ta kai rabin kashi 1 cikin 100 ba. A gidan da ke da ɗan wata 14 da mai juna biyu, ban ga amfanin ajiye ta ba. Ki mayar wa mai shagon.

Yanzu ta Atlas. Lissafin da ake yi shi ne mil 1 daidai da ɗigo 20, kodayake bakin kwalba ya bambanta, kuma wannan man mai kauri ne, yana jinkirin saukowa. Kada ki girgiza kwalbar don ya fito, nan ne ɗigo biyu ke zama shida. Ki karkata ta ki jira.

A difuza mai cin ruwa mil 100, ɗigo 3 ya isa, 5 shi ne iyaka. Ki kunna minti 30 zuwa awa ɗaya ki kashe, a bar ƙofa ko taga a ɗan buɗe. Barinta tana aiki har asuba ba ya ƙara komai, domin bayan ɗan lokaci hanci ya daina jin ƙamshin, amma maƙogwaro da ido suna ci gaba da karɓa. Shi ne mutum ya tashi da ciwon kai ko kaikayin wuya. Dabarar da ta fi ita ce a kunna kafin a shiga kwanciya, a kashe in an shigo. Ɗakin da yaron yake kwana kuwa, a wannan shekarun ni ba zan sa ba. Hanyar numfashinsa siririya ce, kuma ba zai iya ce miki abu ya dame shi ba. Mai asma ma ya fara gwadawa da ɗigo ɗaya, inhela a kusa. In ƙirji ya fara matsewa a kashe a buɗe taga.

A fata, ba a shafa shi tsura. Ga babba, kashi 2 cikin 100 ne ma'aunin jiki: ɗigo 2 a cokalin shayi ɗaya na man kwakwa, zaitun ko riɗi, wato ɗigo 6 a babban cokali. Fuska kashi 1, ɗigo ɗaya a cokalin shayi. Kafin ki shafa ko'ina, ki ɗan goga haɗin a cikin dantse, ki bar shi kwana ɗaya zuwa biyu. Ja, ƙuraje ko kaikayi na nufin fatarki ba ta karɓa ba. Yaro ƙasa da shekara biyu a bar shi da man kaɗanyarsa zalla.

Maganar ƙanwarki: za ki ga wasu shafuka sun ce mai ciki ta guji Cedarwood kwata-kwata. Yawancin wannan gargaɗin ya samo asali ne daga rikita shi da Thuja da aka daɗe ana yi. Babban littafin da masu harkar ke dogara da shi, na Tisserand da Young bugun 2014, bai lissafa wani hani a kan na Atlas ba. Amma wannan ba ya nufin an gwada shi a kan masu ciki an tabbatar. Shaƙar ƙamshinsa a ɗaki mai iska ba abin tashin hankali ba ne. Shafawa kuwa kada ta wuce kashi 1, kada ta zama kullum, kuma ta ambata wa ungozoma a awo. In ƙamshin yana tayar mata da zuciya, magana ta ƙare.

Kyanwa: hantarta ba ta iya sarrafa irin waɗannan sinadarai kamar ta mutum, sai su taru a jikinta. Kada a rufe ta a ɗakin da difuza ke aiki, kada a shafa mata don ƙuma. Tururin yana sauka a gashinta, ita kuma ta lashe. Dalala, layi ko rawar jiki alama ce ta a kai ta wurin likitan dabbobi. Masu aku ko tantabaru a kusa su fi kowa kiyayewa, huhun tsuntsu bai da juriya.

In tsautsayi ya sa yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Haɗarin shi ne man ya zarce huhu lokacin aman, ya kawo kumburin huhu. A goge bakin, a ɗauki kwalbar a tafi asibiti da ita. In ya shiga ido, ruwa mai tsabta ake ta kwararawa minti 15.

Anti Nas:

Maman Ilham, bari in tsaya a kan gashin, don nan ne mutane suka fi zuba kuɗi a banza.

Labarin cewa man nan yana fito da gashi yana da tushe, amma tushe guda ne kuma siriri. A 1998 likitocin fata a Aberdeen ta Scotland suka yi gwaji da mutum 86 masu cutar da gashi ke zubewa fili-fili, zagaye sumul kamar kwabo, wadda garkuwar jiki ce ke afka wa saiwar gashin. Rabi suka riƙa murza man jojoba da na ƙwayar inabi zalla a kai kowane dare, rabi kuma aka ɗiga musu mayuka huɗu a ciki: thyme ɗigo 2, lavender 3, rosemary 3, Cedrus atlantica 2, a cikin mil 23 na man. Bayan wata bakwai, kashi 44 cikin 100 na masu haɗin sun samu ci gaba, na ɗaya ɓangaren kashi 15. To lura: mayuka huɗu ne tare, ba wanda zai ce na al'ul ne ya yi aikin, wata bakwai ne, ba sati biyu ba, kuma fiye da rabi ba su ga canji ba.

Babbar maganar ita ce zubewar gaban goshi galibi ba wannan cutar ba ce. Ja ne. Ƙananan kitso da ake tamke su har sai gira ta ɗaga, ƙarin gashi mai nauyi, ɗaurin ɗankwali ko hular ciki da ke gugar wuri ɗaya kullum, da man miƙar da gashi a kan duk wannan. Alamarsa: ƙananan ƙuraje a bakin kitso, zafi kwana biyu bayan an yi, da 'yan siraran gashi da suka rage a layin gaba alhali bayansu ya kwashe. In an sassauta da wuri, gashin yana dawowa cikin watanni. In aka daɗe har wurin ya yi santsi yana sheƙi, saiwar ta mutu, babu man da zai tashe ta. Akwai kuma zubewar bayan haihuwa, wadda takan fara wata biyu zuwa huɗu da sauka ta tsaya da kanta, da ta ƙarancin jini, wadda gwajin jini ne zai nuna.

In duk da haka kina son sa shi a man kitso, babu laifi, ƙamshinsa ma ya isa dalili. Ki narkar da man kaɗanya giram 50 a kwano cikin ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba. Ki sauke, ki bari ya huce har ya fara kama jikinsa a gefen kwanon, sannan ki ɗiga 10 zuwa 20 ki juya sosai. In kin sa yana da zafi, ƙamshin zai bi iska. In kuma ya riga ya daskare, man zai taru wuri ɗaya, wani lakacen ya fi wani ƙarfi. A fatar kai ake murzawa da tafin yatsu, minti biyu.

Yaro mai fili a kai da ɓawo-ɓawo da karyayyen gashi, makero ne. Wannan maganin sha yake so na makonni daga asibiti, shafe-shafe ba ya kai wa saiwa.

Hajiya Mai Humra:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ɓangaren humra zan taɓa.

Wannan man ba shi ne ke jan ƙamshi ba, riƙo ne aikinsa. Yana da nauyi, yana jinkirin tashi, sai ya riƙe masu saurin gudu irin su lemo da fure su daɗe a tufafi. Yana tafiya da sandal, da fure, da miski, da farce. A cikin madarar turarenki gaba ɗaya ki fara da kashi 5 cikin 100, kada ki wuce 10: in madarar mil 50 ce, mil 2 da rabi zuwa 5 ke nan. Ya wuce haka sai humrar ta bushe, ta koma ƙamshin shagon kafinta. Ki fara haɗa shi da sauran madarar, sannan ki zuba a itanol (sinadarin barasa da ake narkar da turare a ciki) mai ƙarfi, kashi 95 ko 96 cikin 100. In itanol ɗin an sirka shi da ruwa, za ki ga haɗin ya yi hazo, daga baya mai ya taso sama. Ki rufe a kwalbar gilas, wuri mai duhu, sati biyu zuwa huɗu kafin ki yanke hukunci, don warin farkon da Malam ya ambata sai ya kwanta.

A turaren wuta kuma a jiƙa icen da shi tare da sauran turarukan, hawi ne ko gabgab ko sandal, a bar shi ya tsumu. Kada a ɗiga shi kai tsaye a kan garwashi: ƙonewa yake yi, ya ba da hayaƙi mai ɗaci da ke shaƙe mutum, wani lokacin ma wuta ta tashi.

Inda zan ɗan saɓa da Malam shi ne batun gwajin takarda. Mutane suna cewa man gaske ba ya barin tabo. Ga lemo da na'ana'a haka ne, amma wannan mai nauyi ne, yana iya kwana biyu ko fiye a takarda bai tafi ba, sai a zargi mai kaya a banza. Abin dubawa shi ne bayan kwanaki: in an sirka da man girki, tabon maiƙo zai zauna daram, takardar ta zama ana hango haske ta cikinta. Wanda aka sirka da DPG kuwa, wani ruwan sinadari da ake sirka turare da shi, takarda ba ta kama shi. Ki ɗiga a kofin ruwa ki girgiza, tsantsa zai koma sama ya taru, sirkakke zai sa ruwan ya yi fari-fari.

Malam Mai Turare:

Hajiya, ai ba mu saɓa ba, ni don jin ƙamshi na ce a ɗiga a takarda. Amma gyaranki yana kan hanya.

Maman Ilham:

Allah ya saka da alheri, na ware ta Thuja. Saura tambaya biyu. Wata ta ce ana ɗigawa a ruwan wanka da turaren tsugunno, kuma yana korar sauro. Sannan shekara nawa yake yi bai lalace ba?

Mai Harhaɗa Magani:

Ruwan wanka tukuna. Mai da ruwa ba sa haɗuwa. In kin ɗiga biyar a bokiti za ki gan su suna yawo a sama kamar idon miya, kuma kofin farko da kika kamfata shi zai kwashe su duka ya juye miki a wuri ɗaya, tsura. In ruwan ya gangara ido ko gaba, za ki ji a jikinki. In ana so, a juya ɗigo 3 zuwa 4 a babban cokali na sabulun ruwa marar ƙamshi, a yi wanka da shi. Gishiri ba ya narkar da shi, duk da ana yawan faɗa.

Tsugunno kuwa a'a. Fatar wurin siririya ce, tana shan abu da sauri, kuma zafi yana ƙara buɗe ta. Abin da ke biyo baya ƙuna ne, kaikayi, da rikicewar ƙwayoyin da ke kare wurin, sai a dawo ana neman maganin sanyi. Ga mai ciki ko mai jego ma ba a fara ba. Surace don mura ga babba ana iya yi: ɗigo ɗaya ko biyu a kwanon ruwan zafi, ido a rufe, fuska nesa da ruwan kamar tsawon dantse, minti 5 zuwa 10. Ba a yi wa yara, saboda kwanon da ke kifewa ya fi murar illa.

Sauro: an san katakon Virginia da korar asu daga tufafi, shi ya sa Turawa ke yin akwatunan ajiye kaya da shi. Ɗigo 3 a ƙullin auduga a kusurwar durowa, ba a jikin atamfa ba don yana tabo, a sabunta duk wata. Amma a kan sauro ƙarfinsa kaɗan ne kuma ba ya daɗewa. Mai juna biyu da ɗan wata 14 su ne zazzaɓin cizon sauro ya fi yi wa illa, gidan sauro mai magani ne nasu.

Batun barci, tunda kin fara da maganar difuza da dare: binciken da aka yi a Japan a 2003 ya nuna shaƙar cedrol tana ɗan rage bugun zuciya da hawan jini na ɗan lokaci. Sai dai cedrol a na Virginia da Texas yake da yawa, na Atlas kusan babu. Ki ɗauke shi a matsayin ƙamshi mai kwantar da rai, kada wani ya ajiye maganin hawan jininsa saboda shi.

Ajiya: sinadaransa manya ne, ba sa saurin haɗuwa da iska, don haka yana kai shekara huɗu ko fiye a kwalbar gilas mai duhu, murfi a ɗaure, nesa da taga da kicin. A zafinmu na bazara ki nemi wuri mafi sanyi a ɗaka. Kada a juye a roba, yana cin ta. Wannan ya bambanta da man Pine da Fir na ganyen allura, waɗanda shekara ɗaya zuwa biyu suke yi, kuma in sun tsufa su ne ke kawo borin fata. Ki rubuta ranar da kika buɗe a jikin kwalbar.

Malam Mai Turare:

Ƙarin abu ɗaya, tunda ana shigo da kayan Maroko. Akwai wani baƙin mai mai kauri, warin hayaƙi da kwalta, suna kiransa katran. Ƙona itacen ake yi a rufe har ya tsatso, galibi daga Juniperus oxycedrus, wani lokacin daga al'ul ɗin kanta, shi ya sa wasu ke sayar da shi da sunan Cedar. Ba shi ne naki ba. Cibiyar kula da guba ta Maroko ta sha yin gargaɗi a kansa, domin an samu jarirai da aka shafa wa a goshi, hanci da wuyan hannu suka kamu da jijjiga da ciwon ƙoda, wasu suka rasu. In man baƙi ne yana warin gobara, kada ya taɓa jikin yaro ko kaɗan.